CERN: Abin da Ake Nema a Ramin Kilomita 27 na Ƙarƙashin Geneva

A watan Yulin 2022, da aka sake kunna babban injin CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra ta ƙasashen Turai da ke Geneva, bayan fiye da shekara uku ana gyara, bidiyoyi suka yi ta yawo a WhatsApp da TikTok: wai Turawa za su buɗe ƙofar aljanu, wai za su ƙirƙiri ramin da zai haɗiye duniya. Abin da ya faru ranar 5 ga watan bai wuce wannan ba: an kara firoton, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, da juna da ƙarfin da ya ɗara na baya kaɗan, aka ci gaba da awo. Amma tambayar da ke bayan jita-jitar tana da hujja. Me zai sa ƙasashe fiye da ashirin su riƙa zuba sama da faran biliyan ɗaya na kuɗin Suwizalan duk shekara a cikin rami? Ya kamata ɗalibin fiziks a Jami'ar Jihar Kaduna ko a Zariya ya iya amsa wannan idan aka tare shi da ita a majalisa, kuma amsar ba ta buƙatar zurfin lissafi.

Siyasa ce ta haifi wurin kafin kimiyya ta raine shi. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Turai a rushe, manyan masananta da yawa sun koma Amurka, injinan binciken ƙwayar zarra kuma sun fi ƙarfin aljihun kowace ƙasa ita kaɗai. A Disambar 1949 aka karanta saƙon masanin Faransa Louis de Broglie a wani taro a Lausanne, yana kira da a kafa ɗakin bincike na haɗin gwiwa. A 1950, a taron UNESCO na Florence, Ba'amurke Isidor Rabi ya gabatar da ƙudurin da ya ba hukumar damar sa hannu a aikin. An kafa majalisar riƙon ƙwarya a 1952, kuma daga sunanta na Faransanci aka samo haruffan CERN. Ranar 29 ga Satumban 1954 yarjejeniyar ta fara aiki, ƙasashe 12 ne suka sa mata hannu, cikinsu har da Jamus ta Yamma da Faransa da Birtaniya da Italiya, waɗanda shekara goma kafin nan suke yi wa juna ruwan bama-bamai.

Abubuwa biyu a cikin yarjejeniyar su suka riƙe wurin har yau. Na farko yana sashe na biyu: cibiyar ba ruwanta da aikin soja, kuma duk abin da ta gano dole a buga shi ko a bar shi a fili ga kowa. Na biyu shi ne hanyar shigowar kuɗi. Kowace ƙasa tana biyan kasonta duk shekara gwargwadon ƙarfin arzikinta, ba sai an je ana roƙon 'yan majalisa a kan kowane mataki ba. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi Amurka. Ta fara haƙa nata ramin a Texas, mai zagayen kilomita 87, wanda da an gama shi da ya ninka na Geneva ƙarfi kusan sau uku. A 1993 majalisar dokoki ta soke shi, bayan an kashe kimanin dala biliyan 2, an haƙa fiye da kilomita 20. Mu da muke wucewa kullum ta gaban gine-ginen da aka aza wa harsashi aka watsar, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

CERN ba tashar nukiliya ba ce. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya mai kimanin kilowat 30 tun 2004, tana fasa yuraniyam don samun nutiron da ake tantance ma'adanai da sauran samfura da shi. CERN ba ta ba kowa wuta, sha take yi: kimanin megawat 200 idan komai na aiki, kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da aka gina madatsar Shiroro ta bayar. Bincikenta ya gangara ƙasa da na Zariya. Zarra tana da curi a tsakiya, curin firoton ne da nutiron, su kuma kowannensu wasu ƙananan ƙwayoyi uku ne a ɗaure, waɗanda ake kira kwak. Abin da ake son sani shi ne mene ne tubalan ƙarshe, da kuma irin ƙarfin da yake ɗaure su.

Hanyar neman amsa ba ta canza ba tun farko: a ingiza ƙwayoyi su yi gudu, a kara su, a duba abin da ya fito. Dalili biyu suka sa kullum ake neman ƙarin ƙarfi. Gwargwadon ƙarfin ƙwaya, gwargwadon ƙanƙantar abin da za ta iya leƙawa. Sannan bisa dokar Einstein makamashi yana rikiɗa ya zama nauyi, don haka firoton biyu da suka yi karo da isasshen ƙarfi sukan haifar da ƙwayoyin da babu su a cikinsu tun asali, wasu ma masu nauyin da ya ninka nasu fiye da sau ɗari. Da ma'auni ɗaya ake auna ƙarfin da nauyin: GeV, wato ilektiron-bolt biliyan ɗaya, sai TeV, wato GeV dubu. Nauyin firoton ya kusa GeV 1.

Karon dole ya zama gaba da gaba. Idan aka harba firoton mai TeV 6.8 a kan wanda yake zaune cikin ƙarfe, mafi yawan ƙarfin yana ƙarewa wajen tura tarkace gaba, abin da zai rage na haifar da sabon abu bai wuce GeV 113 ba. Idan biyun suka taho daga ɓangarori biyu, dukan TeV 13.6 na nan a hannu. Girman ramin kuwa layin lissafi guda ne ya jawo shi: ƙarfin firoton a GeV shi ne 0.3, sau ƙarfin maganaɗisu a tesla, sau nisan lanƙwasar hanyar daga tsakiyarta a mita. Sa tesla 8.3 da mita 2,800, za ka sami kusan 7,000. Mai son ƙarin ƙarfi ko ya ƙara wa maganaɗisu ƙarfi ko ya faɗaɗa zobe, babu hanya ta uku.

Daga injin farko zuwa LEP

Injin farko ya fara aiki a 1957 da GeV 0.6. A Nuwambar 1959 aka kunna Proton Synchrotron, PS a taƙaice, zobe mai mita 628 da ya kai wajen GeV 28, kuma har yau yana aiki. A 1968 Georges Charpak ya ƙirƙiro akwatin gas mai jerin siraran wayoyi, wanda yake aika sawun ƙwaya kai tsaye zuwa kwamfuta. Kafin nan hoto ake ɗauka, mutane su zauna suna duba shi ɗaya bayan ɗaya. Ya sami kyautar Nobel a 1992. A 1971 aka yi karon firoton da firoton gaba da gaba na farko a duniya a nan. A 1973 na'urar Gargamelle ta ga alamar farko da ta goyi bayan ra'ayin Glashow da Weinberg da Abdus Salam ɗan Pakistan, cewa ƙarfin lantarki da raunanan ƙarfin da ke sa wasu sinadarai fitar da tururin nukiliya tushensu ɗaya.

Ra'ayin ya yi hasashen ƙwayoyi masu nauyi, W da Z, kuma babu injin da zai iya haifar da su. Carlo Rubbia ya matsa a mayar da zoben SPS, mai kusan kilomita 7 da aka gama a 1976, ya riƙa kara firoton da kishiyarsa, wato ƙwaya mai nauyi iri ɗaya amma cajinta akasi. Matsalar ita ce kishiyar firoton kaɗan ake samu, kuma a warwatse take fitowa. Injiniya Simon van der Meer ne ya warware ta. Ya sa na'ura a gefe ɗaya na ƙaramin zobe tana auna yadda ƙwayoyin suka kauce wa layi, sai ta aika saƙo ta gajeriyar hanya ya yanke tsakiyar zoben, ya riga su isa ɗaya gefen, inda wata na'urar za ta ɗan ture su su koma layi. A maimaita sau miliyoyi, tarin ya matse. A 1983 aka ga W mai nauyin GeV 80 da Z mai GeV 91, daidai inda lissafi ya nuna. A 1984 Rubbia da van der Meer suka raba kyautar Nobel, kuma an yi adalci da aka haɗa injiniyan a ciki, don ba don dabararsa ba da babu abin da za a kara.

Ramin kilomita 27 da ake magana a kai ba don injin yanzu aka haƙa shi ba. An haƙa shi a shekarun 1980 don LEP, mai kara ilektiron da kishiyarsa, wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 2000. Zurfinsa tsakanin mita 50 ne da 175, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasar Faransa. LEP ya haifar da Z kimanin miliyan 17, kuma daga yadda suke tarwatsewa aka tabbatar cewa zuriyar ƙwayoyin da aka sani uku ce, ba huɗu ba. Awon ya yi kaifin da har farin wata yake shiga cikinsa: jan da wata ke yi wa ƙasa yana canza zagayen ramin da kimanin milimita ɗaya, wannan kuma ya isa ya karkatar da ƙarfin ƙwayoyin. Daga baya aka ga wata rawa a maganaɗisun da ke zuwa a lokuta sanannu na yini, ta kwanta da dare. Ashe wutar jiragen ƙasa masu aiki da lantarki ce ke zurarewa ta cikin ƙasa ta bi bututun injin. Sai da aka cire waɗannan duka daga lissafi kafin a bayyana nauyin Z.

Abin da ya tsayar da LEP shi ne sauƙin ilektiron. Duk ƙwaya mai caji idan aka lanƙwasa hanyarta tana zubar da makamashi a matsayin haske, kuma mara nauyi ta fi zubarwa nesa ba kusa ba. A ƙarshen aikinsa, da ya kai GeV 209 a karo, kowane ilektiron yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a zagaye guda. Firoton ya ninka ilektiron nauyi sau 1,836, asararsa ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa aka kwashe LEP aka saka injin firoton a ramin.

A tsakiyar wannan zamani ne, a Maris na 1989, Tim Berners-Lee ya rubuta shawarar yadda dubban masana da ke jami'o'i daban-daban za su riƙa samun takardun juna, daga nan tsarin shafukan yanar gizo ya fito. Ba intanet ya ƙirƙira ba, da ma tana nan. Ranar 30 ga Afrilun 1993 CERN ta saki manhajar kyauta ga duniya.

Yadda ake cika LHC

An amince da gina Large Hadron Collider, LHC, a Disambar 1994. Ba a watsar da tsoffin injinan ba, sun zama matakala. Komai yana farawa daga kwalbar gas ɗin haidirojin. Injin Linac4, miƙaƙƙe mai mita 86, yana ingiza haidirojin da aka ƙara wa ilektiron zuwa GeV 0.16. Siririn fallen kabon ya tuɓe ilektiron ɗin, firoton zalla ya shiga ƙaramin zobe ya kai GeV 2. PS na 1959 ya kai shi 26, SPS na 1976 ya kai shi 450, sannan a zuba shi cikin bututu biyu na LHC, ayari ɗaya ya bi dama, ɗaya ya bi hagu. Cikin kimanin minti 20 a ɗaga shi zuwa TeV 6.8.

Ayarin ba a haɗe yake ba, ƙulli-ƙulli ne. An tsara injin ya ɗauki ƙulli 2,808 a kowane bututu, kowanne da firoton fiye da biliyan ɗari, kuma suna zagaye ramin sau 11,245 a daƙiƙa. Duk da yawan nan, nauyin haidirojin da ake buƙata a ciko ɗaya kimanin kashi ɗaya ne kawai cikin biliyan na giram. Maganaɗisu 1,232 ne ke lanƙwasa hanyar, kowanne mita 15, nauyinsa tan 35. Wasu 392 suna matse ayarin kada ya baje. A wurare huɗu ake matse shi ya fi gashin kai sirantaka, a gitta ayarin biyu. Sukan yi sa'o'i goma ko fiye suna karo, idan suka yi rauni a zubar, a sake ciko.

Zubarwar kanta aiki ce. Makamashin da ke cikin ayari ɗaya ya kai megajul 360, wato yunit 100 na mitar wuta, kuma dole ya fita cikin zagaye guda, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. Da zai faɗa wuri ɗaya da ya huda ƙarfe. Saboda haka ana barin giɓi a cikin jerin ƙullin, a cikin giɓin wasu maganaɗisai masu sauri su tashi, su karkatar da ayarin zuwa wani rami dabam, su baza shi a kan gungumen girafait mai tsawon mita 8.

Wayar tagulla ba za ta iya ba da tesla 8.3 ba, za ta narke. Wayar maganaɗisun haɗin niyobiyam da taitaniyam ce, wadda idan ta yi tsananin sanyi turjiyarta ga lantarki takan ɓace gaba ɗaya, ta ɗauki kusan amfiya 12,000 ba tare da ta yi ɗumi ba. Ana riƙe ta a digiri 271.3 ƙasa da sifiri, cikin ruwan hiliyam da jimillarsa ta kai wajen tan 120. Sanyaya kowane ɗaya daga cikin sassa takwas na zoben yana cin makonni, kuma ƙarfe yana tsukewa da kimanin milimita 3 a kowace mita, don haka dole mahaɗan su zama masu miƙewa. Gyaran awa ɗaya a cikin sanyin yakan ci watanni, saboda sai an ɗumama, a gyara, a sake sanyayawa. Idan kuma ɗan wuri a wayar ya ɗumama, turjiya ta dawo masa nan take, wutar ta fara dafa shi. Na'urorin tsaro suna ganin wannan cikin ƙiftawar ido, su ɗumama dukan maganaɗisun da gangan don zafin ya bazu, su karkatar da wutar waje. Wannan yana faruwa, an kuma shirya masa.

Abin da ba a shirya masa ba ya zo ranar 19 ga Satumban 2008, kwana tara bayan bikin kunna injin. Tsakanin maganaɗisu da maganaɗisu akwai mahaɗa, inda ake ɗora waya kan waya a like su da narkakken kuza da azurfa a cikin kwasfar tagulla. Irin waɗannan sun haura 10,000. Ɗaya daga cikinsu, a sashen da ke tsakanin tasha ta 3 da ta 4, bai liku da kyau ba. Turjiyarsa ta kai kimanin nano-om 220, alhali bai kamata ta kai 1 ba. Ana gwajin wuta, ta kai amfiya 8,700. Ninka wutar da kanta, ka ninka da turjiyar: kusan wat 17, bai kai ƙwan fitila ba. Duk mai gyaran injin a Panteka ya san mahaɗin da bai ɗauru ba shi ke fara zafi. Bambancin kawai shi ne a nan akwai makamashi kusan megajul 600 a bayan mahaɗin. Ya ɗumama, ya narke, ya rabu, wuta ta yi tsalle ta huda bututun hiliyam. Ruwan ya koma gas, ya kumbura fiye da yadda ƙofofin rage matsi za su iya fitarwa, ya ture maganaɗisai masu tan 35 daga mazauninsu, ya tumɓuke ƙusoshinsu daga kankare. An yi asarar hiliyam tan 6, an fito da maganaɗisu 53 sama, injin bai dawo ba sai Nuwambar 2009. Ba wanda ya ji rauni, don ba a barin kowa a sashen lokacin irin wannan gwaji.

Kuskuren uku ne a haɗe: likin da bai yi ba, na'urar tsaron da ba ta da kaifin jin ƙaramar matsala a mahaɗa, da ƙofofin matsi da aka yi wa lissafin ƙaramin haɗari. CERN ta buga rahoton duka. Aka gudanar da injin a rabin ƙarfinsa daga 2010, sannan daga 2013 zuwa 2015 aka buɗe kowane mahaɗi, aka sake waɗanda ba su yi ba, aka ƙara wa dukansu gadar tagulla da wuta za ta bi idan likin ya gaza. Ƙananan matsaloli ba su ƙare ba. Ƙura kan faɗo cikin ayarin ta sa a zubar da shi. A Afrilun 2016 wata ƙaramar dabbar daji ta hau taransifoma ta tsayar da aiki na kwanaki.

A wuraren karon huɗu akwai na'urorin gano sawu. ATLAS tsawonta mita 46, faɗinta 25, nauyinta tan 7,000. CMS ta fi ta ƙanƙanta amma ta ninka ta nauyi. ALICE tana nazarin karon curin darma, LHCb tana bin bambancin da ke tsakanin abu da kishiyarsa. Tsarin manyan biyun bawo-bawo ne: na ciki na silikon yana zana hanyar ƙwaya mai caji, lanƙwasar hanyar ta nuna ƙarfinta, na tsakiya yana tsayar da ƙwayoyi ya auna makamashinsu, na waje yana kama miyuwon, ɗan'uwan ilektiron mai nauyi, wanda yake ratsa sauran bawon duka. Ƙullin suna gittawa sau miliyan 40 a daƙiƙa, karo ya kai biliyan ɗaya. Babu ma'ajiyar da za ta ɗauki wannan. Matakin tacewa na farko yana zaɓar kimanin 100,000, na biyu ya bar dubu ɗaya ko 'yan dubbai, sauran sun tafi har abada. A nan haɗarin ilimin yake: idan sabon abu bai yi kama da abin da aka koya wa matatar ta riƙe ba, za a zubar da shi ba wanda ya sani. Abin da aka adana ana rarraba shi ga cibiyoyin kwamfuta kimanin 170 a ƙasashe fiye da 40.

Babban abin da aka gina injin dominsa tsohuwar matsala ce. Lissafin da ya yi hasashen W da Z ya fi son su kasance ba su da nauyi, ga shi kuwa suna da shi. A 1964 Robert Brout da François Englert, da Peter Higgs a nasa ɓangaren, suka ce akwai wani fili da ya cika sarari, gwargwadon yadda ƙwaya take cuɗanya da shi gwargwadon nauyinta, kuma idan da gaske ne dole filin ya kasance da tasa ƙwayar, wadda ake kira ƙwayar Higgs. Ana samun ta sau ɗaya cikin karo fiye da biliyan, ta tarwatse kafin ta bar wurin da aka haife ta. Ba a ganin ta, tarkacenta ake tattarawa. Kusan biyu cikin dubu sukan koma ƙwayoyin haske guda biyu, a auna su a lissafo nauyin uwarsu. Ranar 4 ga Yulin 2012 ATLAS da CMS, kowace da mutanenta da na'urarta, suka ba da sanarwar ganin ta a wajen GeV 125. Englert da Higgs suka sami Nobel a 2013. Brout ya rasu a 2011. A lura da iyakar abin: filin yana ba kwak da ilektiron nauyi, amma kusan kashi 99 cikin 100 na nauyin firoton, wato na jikinmu, daga makamashin da ke ɗaure kwak yake fitowa. Laƙabin da 'yan jarida suka liƙa wa ƙwayar suna jingina ta ga Ubangiji ba sunanta ba ne, masana ba sa amfani da shi, Higgs kansa bai so shi ba.

Ba a cewa an gano abu sai yiwuwar cewa dace ne kawai ta yi ƙasa da ɗaya cikin miliyan uku da rabi, kuma an fi natsuwa idan na'ura ta biyu ta gani. Tsaurin yana da dalili. A 2011 wani gwaji a Italiya ya auna ƙwayoyin nutirino da aka harba daga CERN, tafiyar kilomita 730, ya ga kamar sun riga haske isa. A 2012 aka gano wayar agogon ce ba ta ɗauru da kyau ba. A ƙarshen 2015 manyan na'urorin biyu suka ga wani tudu a jadawalinsu a GeV 750, kamar alamar sabuwar ƙwaya, aka rubuta ɗaruruwan takardu a kansa, da bayanai suka ƙaru a 2016 ya baje. Batun ramin da zai haɗiye duniya kuwa, ƙwayoyin da ke faɗowa daga sararin samaniya suna dukan iskar duniya da ƙarfin da ya zarce na LHC tun kafin a yi ɗan Adam, duniyar kuma tana nan.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce bayan 2012 injin bai kawo abin da da yawa suka sa rai ba. An ga sababbin haɗe-haɗen kwak da dama, an nuna a 2023 a wani gwaji dabam na CERN cewa kishiyar haidirojin ƙasa take faɗowa kamar kowane abu, amma manyan tambayoyi suna nan. Abin da muka san tubalansa kashi 5 ne kawai cikin 100 na abin da ke sararin samaniya. Ba a san abin da ya sa abu ya rinjayi kishiyarsa ba. Ƙarfin da ke jan abu ƙasa bai shiga lissafin ba tukuna. Ana shirin inganta LHC ya ninka yawan karonsa daga wajen 2030, kuma akwai shawarar haƙa sabon zobe mai kilomita 91, wanda zagayensa ya fi tafiyar Kaduna zuwa Zariya, matakinsa na farko zai ci kimanin faran biliyan 15. Masu suka suna cewa a 1994 an san abin da za a nema, yanzu babu tabbas, kuɗin zai fi amfani a ƙananan gwaje-gwaje. Wannan suka ce mai nauyi, bai kamata a amsa ta da labarin yanar gizo ko na'urorin maganin ciwon daji ba, duk da cewa cibiyoyin jinya da firoton na Pavia a Italiya da na Ostiriya daga wani nazarin CERN suka samo tsarinsu. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ƙwayar Higgs ita kaɗai ce irinta da aka taɓa gani, kuma awon da aka yi mata har yanzu sama-sama ne. Zumuncin ma yana da iyaka: an yi aiki da Tarayyar Sobiyet a tsakiyar yaƙin cacar baka, amma a ƙarshen Nuwambar 2024 aka kawo ƙarshen yarjejeniya da Rasha saboda yaƙin Yukiren.

Babu ƙasar Afirka da take cikakkiyar mamba. Maroko tana cikin ATLAS tun shekarun 1990, Afirka ta Kudu tana da shirin haɗin gwiwa na kanta, kuma tun 2010 ake gudanar da makarantar horar da matasan masana fiziks na Afirka, wadda ta fara a Stellenbosch ta zaga Gana da Senegal da Ruwanda. Kaduna ba ta buƙatar rami kafin ta shiga. Tun 2014 CERN take sakin ainihin bayanan karo kyauta a intanet. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya iya harshen kwamfuta na Python da ɗan lissafin ƙididdiga zai iya sauke fayil ɗin karon da suka fitar da miyuwon biyu, ya lissafa nauyin da suka fito daga gare shi, ya zana jadawali, ya ga tudun Z ya tashi a GeV 91 da kwamfutar hannu. Wannan ya fi cancantar zama aikin kammala digiri fiye da kwafe babin littafi. CERN kuma tana ɗaukar ɗaliban fiziks da injiniyanci da kwamfuta na 'yan makonni duk bazara, har daga ƙasashen da ba mambobi ba. Ana rufe karɓar takardu a farkon shekara, kuma ana neman shaidar sakamakon karatu da wasiƙun malaman da suka san aikin ɗalibin.